Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Na Hedikwata, Daga Wani Mai Bisharar Ƙauye

Zuwa ga Baba Shugaba, Baba Magatakarda, Baba Ma'aji, da dukan iyayenmu da ke zama a majalisar ikilisiya,

Ina gaishe ku a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara muku hikima da yawan rai. Dattawan majami'armu da su Mama na Zumuntar Mata sun ce in isar muku da gaisuwarsu.

Bayan gaisuwa, Baba, ni mai bishara ne a wani ƙauye da ke kudancin jihar Katsina, cikin Hausawa manoma waɗanda kakanninsu suka bar tsafi suka bi Almasihu. Ba a naɗa ni Rabaran ba, don haka ba ni da kujera a majalisarku. A taron gunduma kuwa, kafin a iso kan matsalolin ƙananan majami'u rana ta yi gora, mu na nesa mun fara leƙen masu babur don kada dare ya yi mana a hanya. Shi ya sa na rubuto a fili, inda ku da 'yan'uwana masu bishara za ku gani tare. Ku yi mini afuwa in harshe ya yi kaifi a wani wuri.

Maganata ɗaya ce. Ku kuna lissafi da wata, domin jama'arku na birni wata-wata suke karɓar albashi. Mu da damina muke lissafi. Kusan kowace takarda da ke fitowa daga ofis an tsara ta ne bisa watan mai albashi, sai a aiko mana ita mu da ke samun kuɗi sau ɗaya a shekara, a ce mu cika.

Bari in faɗa muku yadda shekararmu take, ko da yake da yawanku 'ya'yan manoma ne, kun san ta kafin ku san Turanci. Da bazara ana sharar gona ana kai taki, mai jaki da jakinsa, mai amalanke da amalankensa. Ruwa na sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a yi shuka, daga nan ba wanda ke zaune: noman fari, maimai, huɗa, zuba takin zamani ga wanda ya samu. Yuli da Agusta su ne watannin da rumbu ke ƙara in ka ƙwanƙwasa shi. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana kayar da yara gida-gida. A wannan lokacin magidanci yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don a samu na tuwon dare, ko ya ci bashin buhu ɗaya zai biya biyu da kaka. Ranar Lahadi in aka zaga da kwanon baiko, abin da ke ciki ba ya isa sayen man babur zuwa gunduma a dawo. Sai Oktoba zuwa Disamba, in an girbe masara da waken suya da dawa, sannan fuska ke sakewa. A ranar godiyar kaka za ku ga gaban bagade ya cika da dammunan dawa, kwanonin wake, barkono, kabewa, kaji ɗaure da ƙafa, wani lokaci har da ɗan akuya yana kuka a tsakiyar waƙa. Mutanen nan ba marowata ba ne. Suna bayarwa ne lokacin da Allah ya ba su.

Amma kason da aka yanka wa kowace majami'a, wata-wata ake nemansa, kuma kuɗi ake so. In Agusta ta wuce ba mu kai ba, sai a karanto sunanmu a taro cikin masu bashi, a ce mai bisharar wurin ba ya koyar da zakka. To me muke yi don guje wa wannan kunya? Muna sayar da hatsin ikilisiya tun a bakin masussuka, lokacin da kasuwar Funtuwa da Dandume da Bakori ta cika maƙil farashi ya faɗi ƙasa, mu biya bashin watannin baya. 'Yan sari su saya su ɓoye, su kai Dawanau ko su jira damina. In Yuli ta zagayo, gwauruwar da ta kawo kwanon dawarta gaban Ubangiji ita ce za ta je ta sayi wannan dawar da tsada a hannun mai awo. Na daɗe ina kallon wannan abu, kuma ban ga ta inda ya zama hikima ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A Maimaitawar Shari'a sura 14, daga aya 22, zakkar da aka umarta ta amfanin gona ce: hatsi, ruwan inabi, mai, da 'ya'yan fari na dabbobi. An yarda a mai da ita kuɗi ne kawai in hanya ta yi wa mutum nisa har ba zai iya ɗaukar kayan ba. Sannan a ƙarshen surar aka ce kowace shekara ta uku a tara zakkar a cikin garin, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Na san ba a ƙarƙashin shari'ar Musa muke ba, kada malaman tauhidi su taso mini. Amma tunda daga can muke ɗauko ayoyin da muke neman zakka da su, ya kamata mu karanta surar har ƙarshenta. Roƙona shi ne a bar majami'un ƙauye su biya kasonsu sau ɗaya, bayan kaka, kuma a karɓa ko da hatsi ne. Gunduma ta gina rumbu ko ta kama shago ɗaya mai kyau, a sa magani, a ajiye. A sayar da rabi in farashi ya tashi, ikilisiya ta ci ribar da 'yan sari ke ci, rabi kuma a rantar wa mabukata da damina buhu a bakin buhu. Zumuntar Mata a ƙauyuka da dama tana yin irin wannan da adashinta ba tare da wani ya koya mata ba, kuma lissafinsu ya fi na wasu kwamitocin maza tsabta, wannan kowa ya sani.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai, wato canjin wurin aiki. Albashin da aka rubuta wa mai bishara, in ma ya zo, bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 ba, kuma daga baikon majami'arsa ake cire shi, don haka in kwano ya bushe shi ma ya bushe. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zo ta wuce 1,000 a shekarar da ta biyo. Mai bishara kuwa babur ne ƙafarsa: jana'iza a wannan ƙauye, suna a wancan, mai naƙuda a kai ta asibiti da tsakar dare domin babur ɗinsa ne kaɗai ke da mai a unguwar. Abin da ke riƙe da gidansa gona ce. Jama'a sukan ba shi aron fili, su yi masa gayya rana ɗaya, sauran shi da matarsa da yara.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gonar aro ba a ba ka mai kyau. Wadda ta gaji ake ba ka, wadda wuta-wuta ta cinye. Shekarar farko wahala ce kawai. Ka kai takin gida, ka roƙi Bafulatani ya kwana da shanunsa a ciki da rani, ka juya dawa da wake da gyaɗa, sai a shekara ta uku ko ta huɗu ƙasa ta fara amsa maka. Daidai lokacin ne takardar canji ke zuwa. Kuma sau da yawa takan zo ne bayan an yi shuka, a ce ka kama aiki a sabon wuri cikin makonni kaɗan. Na ga ɗan'uwa mai bishara ya loda kayansa a bayan a-kori-kura masararsa tana fitar da goyo, ya bar ta a hannun amana, ya sauka inda lokacin shuka ya riga ya wuce. Shekarar nan iyalinsa da kyautar jama'a suka rayu, jama'ar da su ma ba su da shi. Yaransa kuma suka rasa zangon karatu guda. Wanda ya buga takardar nan ba mugu ba ne, na tabbata. Kalandar bango ya duba, ita kuwa ba ta nuna ranar shuka.

Ba na ƙin canji. Na san akwai mai bisharar da in ya daɗe a wuri yakan zama kamar dagaci, ya shiga rigimar gado da ta filaye, ya kafa ɓangare. Na san kuma akwai wanda gona ke cinye shi har ya hau bagade ranar Lahadi bai buɗe Littafi ba tun Lahadin da ta wuce, ya yi ta maimaita labarin Dawuda da Goliyat. Wannan laifi ne, ku hore mu a kai. Abin da nake roƙo ƙarami ne: takardar canji ta fita a Nuwamba, a tashi a Janairu ko Fabrairu, bayan an kai amfani gida, kafin sharar gona. Ba kobo da wannan zai ci wa ikilisiya.

Ku tuna da abin da Nehemiya ya tarar da ya komo Urushalima, a sura 13 aya 10. Ba a ba Lawiyawa rabonsu ba, sai su da mawaƙa kowa ya koma gonarsa. Nehemiya bai tara Lawiyawan ya yi musu faɗa a kan rashin sadaukarwa ba. Shugabanni ya tsare da tambaya, don me aka yi watsi da Haikalin Allah. Mu ba mu gudu ba tukuna. Amma ku ƙirga ɗaliban da ke gama makarantar Littafi Mai Tsarki kowace shekara, ku ga nawa ne ke zuwa da kansu su ce a tura su ƙauye, nawa ne kuma ke bin ƙafa wajen wani babba don a bar su a gari.

Ba na ganin laifin yaran sosai, domin mu muka koya musu cewa ƙauye wurin horo ne. Fasto ya yi rigima da dattawa a birni, ko kuɗi sun yi ɓatan dabo a hannunsa, sai a ce a kai shi daji ya yi hankali. Jama'armu sun gane wannan sarai. In baƙon fasto ya sauka da manyan kujeru da firji a garin da ba lantarki, tambayar da ake yi a gindin bishiya ita ce, me ya yi? Ku duba abin da wannan ke faɗa wa mutanen da aka turo musu shi. Tumakin birni ba za su iya jure shi ba, amma na ƙauye za su iya. In mutum ya yi laifi a dakatar da shi, a yi masa gyara, in ya tuba a mai da shi aiki. Kada a mai da mu gidan kaso.

Alhali kuwa daga irin wuraren nan aka faro. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, a 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Tashar da 'yan mishan ɗinsu suka fara kafawa ta zauna, a Patigi ce a 1902. 'Yan mishan na Garkida, a jihar Adamawa ta yau, a gindin tsamiya suka yi sujadarsu ta fari a 1923. A nan ƙasar Hausa, inda Turawan mulki suka daɗe suna hana 'yan mishan shiga biranen sarakuna, ƙofar da ta buɗe a shekarun 1930 ta zangon kutare ce, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Daga baya kuma masu bishara baƙar fata ne, da yawansu daga kudancin Zariya da Filato da Tangale, suka zo da iyalansu suka zauna cikin kakanninmu, suka yi noma tare da su, suka koya musu karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya da Wusasa ya sha wahalarsa tare da abokan aikinsa. Ba wanda ya tura mutanen nan don ya hore su. Manyan majami'un da kuke sujada a ciki yau, masu bene da fanka da janareta, jikokin waɗancan bukkoki ne.

Har yau ma ƙauye bai daina ciyar da birni ba, sai dai ba a rubuta wannan a rahoto. Mu ke yi wa yaro suna. Mu ke koya masa a Makarantar Lahadi, mu sa shi ajin baftisma, mu kai shi rafi. Da ya yi ƙarfin da zai fara bayarwa sai ya tafi Kano ko Kaduna ko Abuja, gadi ko acaba ko aikin soja ko karatu. Zakkarsa ta shiga asusun majami'ar birni, a sayi sabbin kayan kiɗa da ita. Mu kuma a bar mana tsofaffi da ƙananan yara da matan da mazansu suka tafi ci-rani. In ciwo ya ci ƙarfinsa sai a ce a kai shi gida. In ya mutu a can, motar gawa ta kawo mana shi, mu haƙa kabari, mu yi wa'azi, mu riƙe marayun. Sannan a ƙarshen shekara a ɗora rahotonmu kusa da na birni a ce ba ma girma. Ina ganin adalci ne kowace babbar majami'ar birni ta ɗauki majami'ar ƙauye biyu ko uku ta tsaya musu a kan albashin mai bishara da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Wannan biyan bashi ne, kada a kira shi taimako, kada kuma a zo da mai ɗaukar hoto.

Akwai ziyarar da nake so ku sa wa ido. Da rani, in hanya ta yi kyau, ƙungiyoyin matasa da masu wa'azi daga birni sukan zo mana taron falkaswa. Muna murna da zuwansu, mata su yi ta daka da ɗiban ruwa don a ciyar da su. Wasu suna kawo albarka ƙwarai, musamman masu zuwa da ma'aikatan lafiya. Amma wasu sukan kafa lasifika su juya bakinta wajen unguwar maƙwabtanmu Musulmi, su kwana suna faɗin maganganun da suka kwaso a Facebook da TikTok. Ranar Litinin su hau motarsu. Mu ne za mu haɗu da mutanen nan a bakin rijiya da wajen injin niƙa. Baba, a ƙauyenmu tsatso ɗaya ne: wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu ɗaya yana kwance a tsohuwar maƙabarta. Da Sallah tuwo da nama suna shigo mana, da Kirsimeti shinkafarmu tana shiga gidajensu. In aka yi rasuwa a gidan liman ina zuwa gaisuwa, in aka yi a namu yana zuwa. Ban taɓa ɓoye masa abin da na gaskata game da Yesu ba, shi ma bai ɓoye mini nasa ba, kuma ba na jin kunyar bishara. Ba kuma ina cewa komai lafiya ba ne. Samun filin gina majami'a yana da wuya a wurare da yawa, makarantun gwamnati da dama ba su da malamin addinin Kirista ko da yaranmu sun cika aji, kuma maganar 'yan mata da ake aurarwa ba da yardar iyayensu ba tana nan tana ci mana tuwo a ƙwarya. Waɗannan su ne wuraren da muke bukatar muryarku da lauyoyinku, a gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da kotu. Zagi a lasifika bai taɓa samo mana fili ko malami ba. Duk wanda za ku turo, ku ce masa ya fara zama da mai bisharar wurin ya ji yadda garin yake kafin ya buɗe baki.

Haka nan masu wa'azin arziki. Wani ya zo ya ce wa manomin da bai iya sayen taki ba ya shuka iri na bangaskiya, ya kawo akuyarsa ɗaya tilo, Allah zai mayar masa ninki ɗari kafin wata ya mutu. Akuya ta bi mota, wata ya mutu, sai ni za a zo a tambaya ko bangaskiyarsa ce ta kasa. Ni dai a majami'ar da nake ba na ba irin waɗannan bagade, ko da takardar wa suka zo.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba, kun ji na Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashi ɗalibai sama da 300, kun san halin da Faskari da Sabuwa da Dandume suka shiga. 'Yan bindigar nan ba sa tambayar addinin mutum kafin su kora shanunsa, Musulmi da Kirista duk sun sha. Abin da ya shafe ku a ciki shi ne, akwai majami'un da jama'arsu suka watse, mai bishara yana gudun hijira da iyalinsa a ɗakin aro, amma sunan majami'ar bai fita daga jerin masu biyan kaso ba. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, da farkon 2023 da takardun naira suka ɓace, an ci gaba da aiko mana saƙo mu tura kuɗi ta banki, mu da sai mun yi tafiya mai nisa kafin mu ga mai POS. Ku riƙa tambaya kafin ku aiko da tuni.

Game da horarwa, ina da ƙorafi biyu a dunƙule. Littattafan Makarantar Lahadi da na nazari suna zuwa da Turanci, ko da Hausar da aka juyo daga Turanci kalma bayan kalma har tsohuwa ta ce a fassara mata. Misalan ciki kuma na mai mota ne da mai ofis. Alhali Littafin da ke hannunmu cike yake da mai shuka, da zawan da ke cikin alkama, da Rut mai kala a gonar Bo'aza, da Amos makiyayi mai kula da itatuwan ɓaure. Mutanena suna gane waɗannan tun kafin in gama karantawa, wani lokaci su suke buɗe mini ido a kai. Akwai masu bishara da malaman makaranta Hausawa da za su iya rubuta darussan nan da Hausa tun daga tushe, ku neme su. Na biyu, tunda kun san da gona za mu rayu, ku koya mana noma a makarantar Littafi Mai Tsarki yadda ya kamata. Ba sabon abu ba ne. A Filato an yi shirin Bangaskiya da Noma wanda Peter Batchelor ya jagoranta, ana horar da masu bishara su koya wa manoma huɗar shanu da adana hatsi. A Maraɗi ta Nijar kuma, wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa, in aka rage tohon aka bar 'yan rassa masu ƙarfi sai su koma itatuwa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓa, yau gawo da kalgo da sauran itatuwa sun dawo gonaki masu ɗimbin yawa, Musulmi ne ma mafi yawan waɗanda suka amfana. Mai bisharar da ya san irin wannan, ya san maganin wuta-wuta da yadda ake ajiye wake ba tare da ƙwari sun ci ba, ƙofar kowane gida a buɗe take gare shi.

Na bar maganar matanmu a ƙarshe domin ita ce ba na iya faɗa a taro ba tare da murya ta rawa ba. Matar mai bishara ba ta cikin takardar albashi, amma ita ke jagorar Zumuntar Mata, ita ke koya waƙa, ita ke kwana wajen mai haihuwa, ita ke dafa wa kowane baƙon da kuka turo, ita ke soya ƙosai ko ƙuli don a sayi sabulu da littafin yara. Gidan da suke ciki na ikilisiya ne. Gonar aro ce. Ranar da mijin ya rasu za ku zo da motoci, a yi wa'azi mai daɗi, a ce sojan Almasihu ya gama tserensa. Bayan 'yan watanni sai a fara yi mata magana a hankali cewa sabon mai bishara yana hanya, ana bukatar ɗakin. Ta koma ina? Shekarun ƙarfinsu sun ƙare a garuruwan mutane, ba su gina ko ɗaki ɗaya a garinsu ba, gonar gado 'yan'uwa sun raba tun tuni. Na ga irin waɗannan iyaye mata suna raɓe a gidan suruki, wasu suna wankau a gari. Kuɗin fansho da aka riƙa cira daga ɗan albashin mijin, sai ta yi ta zirga-zirga da takardu, kuɗin mota ya kusa cinye abin da za a ba ta.

A Ayyukan Manzanni sura 6, ƙorafin farko da ya tashi a cikin ikilisiya a kan gwauraye ne da ake mantawa da su wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce masu gunaguni ba su da ruhaniya ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu aikin. Ina roƙo majalisa ta rubuta doka a fili: gwauruwar ma'aikaci ta zauna a gidan har ta girbe abin da aka shuka, yara su gama shekarar karatu, kuma haƙƙin mijinta ya same ta a inda take ba sai ta zo hedikwata ba. A kuma fara tanadin fili da 'yan kwanukan rufi ga kowane ma'aikaci tun yana da ƙarfi, ko da kaɗan-kaɗan ne. In ana iya tara kuɗin motar girmamawa ga shugaba mai barin gado, da ankon taron shekara da ake tilasta wa matan ƙauye saye a tsakiyar damina, to ana iya wannan.

Baba, na san ku ma kuna da nauyi: makarantu, asibitoci, shari'o'in filaye, albashin ma'aikatan ofis, ga masu hijira. Ban ce a soke kaso ba, ban kuma ce a daina canji ba. A cikin abubuwan da na roƙa akwai masu bukatar kuɗi da lokaci, na yarda a bi su sannu. Amma biyu ba sa bukatar komai sai sa hannunku, wato lokacin fitar da takardun canji da lokacin karɓar kason majami'un ƙauye. Ina roƙo a yanke shawara a kansu a zaman majalisa mai zuwa, kafin a buga takardun canji na bana, kuma a gayyaci masu bishara biyu ko uku daga ƙauye, da matan ma'aikata da suka rasa mazajensu, su yi bayani da bakinsu a wannan zama.

Ku huta lafiya. A gaida su Mama da yara.

Ɗanku a cikin aikin Ubangiji,
Wani mai bishara daga kudancin Katsina